Idan ka zama bare a gidanku: abin yi ga 'ya'yan Hausawan Makka da Jidda

A gidajen Hausawan Makka da Jidda kana iya tarar da yara bakwai a gida ɗaya, amma tasowarsu kashi uku ce ko huɗu. Wannan an haife shi a unguwar Shari' Mansur ta Makka, a nan ya yi makaranta, Larabcin Hijaz ne a bakinsa, Hausarsa ta gaisuwa ce kawai. Wancan an kai shi Kano ko Damagaram wurin kaka tun yana ƙarami, sai da ya kawo ƙarfi aka dawo da shi. Waccan uwarta ce ta shigo gidan da ita. Wani yana da jinsiyya, wato shi ɗan ƙasar Saudiyya ne a takarda, ɗan uwansa da suka sha nono ɗaya kuwa kullum cikin sabunta igama yake, wato takardar izinin zaman baƙo. A irin wannan gida da wuya a rasa wanda yake jin an mayar da shi saniyar ware, kuma ciwon ba ƙarami ba ne, domin wanda a waje ma ake yi wa kallon baƙo, gida ne kaɗai ya rage masa.

Masu wannan damuwa sukan bi ɗaya daga hanyoyi biyu, duk kuwa ba sa ɓullewa. Wasu su yi ta haɗiyewa shekara da shekaru, ranar da tura ta kai bango su amayar da komai a gaban taro, galibi ranar salla ko a istiraha, wato wurin da ake haya don biki. Wasu su janye jiki, su kulle ɗaki, su fice daga zauren WhatsApp na gida, su jira a zo lallashi. Na farko akan manta abin da ya faɗa, a riƙe yadda ya faɗe shi. Na biyu gida kan saba da rashinsa cikin 'yan watanni, har a daina ajiye masa abinci. Abin da ya fi ci shi ne ka fara gano ainihin inda tazarar take, sannan ka shiga ta wurin mutum ɗaya da aiki ɗaya.

Mako biyu na lura kafin ka ce komai

Buɗe wurin rubutu a wayarka, ka sa masa lambar sirri. Duk lokacin da ranka ya sosu, rubuta ranar, da waɗanda ke wurin, da abin da aka faɗa ko aka yi daidai yadda ya faru, da abin da kai kake yi a lokacin. Kada ka rubuta "sun wulaƙanta ni". Rubuta "an tafi kasuwar Balad sayayya bayan La'asar, ba a faɗa mini ba, ina ɗaki ƙofa a rufe". Mako biyu ya isa, don zai haɗa Juma'a biyu, ranar da aka fi taruwa a kan sufura, wato shimfiɗar cin abinci. Kada ka yi wannan a goman ƙarshe na azumi ko a lokacin aikin Hajji. A Makka lokacin neman abinci ne, direba da mai dafa wa alhazai da mai tura keken masu ɗawafi duk sai asuba suke shigowa, ba mai bi ta kan wani, abin da za ka rubuta zai yaudare ka.

Bayan mako biyu ka karanta duka, ka auna kowane abu. Ana yi wa wani a gidan irinsa? Idan ku biyu ne kaɗai da mutumin haka yake yi maka, ko sai a gaban jama'a? Akwai haƙƙi a ciki, wato ci da sutura da makaranta da magani, ko hira ce da fara'a kawai? Amsoshin za su nuna maka ko yanayi ne ya haifar da tazarar, ko bambancin hali ne, ko kuwa wariya ce da gangan. Dole a bambance, domin wanda ya tashi neman adalci a kan abin da hali ne kawai zai ɓata wa mutane rai a banza, wanda kuma ake danne wa haƙƙi ya ce zai gyara da murmushi, ƙara taka shi za a yi.

Tazarar da ba wanda ya shirya ta

A fara da ɗan fari. A Hijaz da sunan babban ɗanta ake kiran uwa, Ummu wane, tana amsawa da alfahari. Yaron da ya tashi yana ganin haka a gidan maƙwabta sai ya dawo ya tarar tasa uwar ko sunansa ba ta kamawa, sai "kai" ko "yaron nan", ba ta zama hira da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane, ga auta kuwa a kan cinya. Alkunya ce ta Hausa da Fulani, ita ma a cikinta ta tashi, kuma iyaye mata da yawa da suka girma a Najeriya ko Nijar sun zo da ita. Idan kana so ka tabbatar, duba abin da take yi a bayan idonka. Wa take ɓoye wa tsokar nama? Wa take tambaya ko ya dawo, ta bakin ƙanwarsa? Wa take aika wa kuɗi ta hannun gwaggo? In ka ga haka, kada ka nemi ta sauya baki. Mace mai shekara 50 da wuya ta fara kiran sunan ɗan farinta. Riƙa shiga wurinta lokacin da hannunta ke cikin aiki, tana tsinke ganye ko ninke kaya, ka zauna a gefe, ka ɗauko zancen wani abu daban. Mai alkunya ta fi sakin jiki idan ba a haɗa ido.

Wanda aka yi riƙonsa a gida Najeriya ko Nijar nasa ya fi nauyi. A watan Yulin 2017 aka fara karɓar kuɗin murafiƙin, iyalin da ke ƙarƙashin igamar maigida, riyal 100 a wata a kan kowane mutum, ya riƙa hawa har ya kai 400 a 2020. Mai 'ya'ya shida sai ya biya riyal 28,800 a shekara a kansu kaɗai. Gidaje da yawa sun kasa, dole aka zaɓi waɗanda za a tura gida. Kafin nan ma ana turawa, don karatun allo ko don kaka ta roƙa. Wanda aka tura yakan dawo da tambaya ɗaya a ransa: me ya sa ni? A can ana ce masa ɗan Makka, a nan ana ce masa ɗan Najeriya. Shekarun da ake ƙulla barkwancin cikin gida sun wuce shi, za a ambaci wani tsohon maƙwabci kowa ya fashe da dariya, shi sai ido. A Jidda abin ya ƙaru tun rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021, wanda ya share unguwanni irin su Sabil da Karantina da Gulail. Hirar gida ta koma tuna unguwar da babu ita, wanda bai zauna a cikinta ba ba shi da abin cewa.

Tambayar "me ya sa ni" a yi ta sau ɗaya, cikin sanyin rai, ga wanda ya san lissafin lokacin. Sau da yawa amsar ba ta wuce wa ya isa shiga makaranta ba, wa fasfonsa ke hannu, wa zai iya zama ba uwa. Daga nan a fuskanci harshe. Larabcin Islamiyya da ka zo da shi na littafi ne, idan ka yi shi a kan sufura sai a ce kana huɗuba. Nemi yaro a gidan, ɗan shekara 8 zuwa 12, ku riƙa zama minti 15 kullum. Yara ba sa jin nauyin gyara wa babba, kuma ba sa ajiye kuskurenka don gori. Jimla 5 a rana ta isa, irin waɗanda ake faɗa a gida: miƙo mini, ina ka ajiye, bari sai anjima, wa ya zo. Ka yi amfani da su a ranar, a bagala, wato kantin unguwa, ko wurin mai ful da tamis, wato wake da gurasa. Ka roƙi ɗan uwa ɗaya ya riƙa gyara maka a keɓe. In ka dage, cikin wata 3 zuwa 6 za ka fara cafke raha tun kafin a gama dariya. Abin da ke rusa wannan aiki duka shi ne yawan "a Kano ba haka muke yi ba". Duk sanda ka faɗe ta, kai da bakinka ka ware kanka.

Akwai kuma kishiyar wannan: wanda Hausarsa ta yi rauni a gidan da manya da Hausa suke hira, ko aka kawo matar uba daga gida ita da 'ya'yanta suna zuba karin magana. Shi ya fara da cikakkiyar gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, yaya jiki, yaya mutan gida, tare da rusunawa, domin da ita manya suke auna tarbiyya. Malamarsa kuwa kaka ce. Tsakanin jika da kaka akwai wasa, ko ya karya Hausa tsokana za ta biyo baya, ba faɗa ba, kuma tsohuwa tana da lokacin da sauran mutanen gida ba su da shi.

Sai maganar takarda, wadda ba a cika son taɓawa ba. Jinsiyya a Saudiyya ta wurin uba take bi. Ɗan 'yar ƙasa da ubansa baƙo ne yana iya nema idan ya kai shekara 18, bisa sharuɗɗa, kuma nema ba samu ba ne. Don haka macen da ta yi aure biyu tana iya samun 'ya'ya kashi biyu a ɗaki ɗaya. Bambancin yana fitowa a wurin shiga jami'a, a wurin aure, ya fi fitowa a wurin aiki, tun da aka kawo tsarin Niɗaƙat na tilasta wa kamfanoni ɗaukar 'yan ƙasa aiki a 2011 aka kuma riƙa keɓe wasu sana'o'i ga 'yan ƙasa. Ɗaya yana zancen albashi da mota, ɗaya yana lissafin kafili, wato wanda baƙo yake zaune a ƙarƙashin sunansa. A nan sai ka raba doka da ɗan uwanka, ba shi ya rubuta ta ba, kuma wataƙila shirun da yake yi a gabanka nauyi ne yake ji. Ka riƙe takardunka da kanka: fasfo, igama, shahadar haihuwa, takardun makaranta, duk a jaka ɗaya, da hotonsu a waya. Ka duba manhajar gwamnati ta Absher ka san ranar ƙarewar igama, ka fara shiri wata 3 kafin nan, na fasfo kuma wata 6, don ofishin jakadanci da ke Jidda ba a rana ɗaya ake gamawa ba. Rigimar irin waɗannan gidaje tana yawan tashi ne a makon sabuntawa, lokacin da dole wani ya ciro kuɗi cikin gaggawa. Idan ɗan uwa ne zai biya, ku yanke magana tun da wuri a gaban babba: nawa ne, yaushe, kyauta ce ko bashi.

Agola da 'yar riƙo kuwa, wani ɓangare na abin da suke ji hukuncin shari'a ne da ba a zauna an yi musu bayani ba. Mijin uwarki muharraminki ne tun da ya tare da ita, amma 'ya'yansa maza na wata mace ba muharramanki ba ne. Haka 'ya'yan baffa da na kawu. A gidan haya mai ɗaki uku wannan na nufin ke kaɗai ce mai yawo da mayafi a falo, ke kaɗai ke miƙewa idan samari sun shigo. Ba a kawar da hukuncin, amma ana sassauta zaman: ki roƙi uwarki a sa ƙa'idar sallama kafin shigowa, a sa labule tsakanin falo da hanyar kicin, mata su samu lokacin cin abincinsu tare don kada ki riƙa ci ke kaɗai a ɗaki. A binciki shayarwa kuma tun matan da suka shaida suna raye. A Malikiyya ko sau ɗaya jariri ya sha cikin shekara biyun farko 'yan uwantaka ta tabbata, a Hambaliyya da Shafi'iyya sai sau 5, malaman nan kuma galibi a kan na biyun suke, don haka a kai wa malami bayanin yadda ya faru. Gado ma gara a san shi tun yanzu. Agola yana gadon uwarsa da ubansa, ba ya gadon mijin uwarsa, sai dai mijin ya yi masa kyauta yana raye ko wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Wanda bai san haka ba sai ranar rabo, yakan ɗauka ranar ce aka nuna masa matsayinsa.

Idan hali ne ya bambanta

Wani ba abin da ya raba shi da 'yan gidansu sai ɗabi'a. Su masu hayaniya ne da ƙwallo da raha har tsakar dare, shi mai shiru ne da karatu. Ko shi ya fi su tsanani a addini, ko su sun fi shi. Ko duk sun yi aure sai ita, ko ta dawo gida da saki. Wannan ba ya buƙatar zaman sulhu, awo yake buƙata. Ka je taron Juma'a da wuri, lokacin da mutum uku ne ko huɗu kuma ana iya jin muryarka, ka taya shimfiɗa, ka ci abinci, ka sha shayi, ka yi kamar awa ɗaya da rabi, ka yi sallama da kowa da sunansa kafin ka gaji. Zuwa kowane mako na ɗan lokaci ya fi zaman yini guda sau ɗaya a wata da ake ƙarewa da ɗaure fuska. Batutuwa biyu ko uku da ka san kullum su ke jawo musu, ka bar su a bakin ƙofa. Ga tambayar da ke ci maka rai, irin ta "yaushe za mu sha biki", tanadi amsa ɗaya gajeriya, "a taya mu da addu'a, Gwaggo", ka maimaita ta ba ƙari. Mai tsananin addini kuma ya sani wa'azi a kan sufura ba ya shiga, ƙara nesanta shi yake yi.

Mutum ɗaya, aiki ɗaya

Ba a shiga dangi ta taro. A cikin abin da ka rubuta, nemo wanda sunansa bai fito a cikin masu sosa maka rai ba, ko wanda yake sakin fuska idan ku biyu ne. Ba lalle ya zama wanda ya fi faɗa a ji ba. Sau da yawa ƙanwa ce, ko matar yaya, ko taubashi, wanda dama akwai wasa a tsakaninku. Ka guji wanda shi ma yake da ƙorafi a kan gidan, don zamanku zai koma gulma, ku zama saniyar ware ku biyu. Ka sa wani abu ƙarami da za ku riƙa yi tare sau ɗaya a mako: rakiya zuwa kasuwa, sallar Isha a Harami, cin siriya, wato tsire, a bakin titi. A wata na farko kada ka kawo kukanka ko kaɗan. Ka tambaye shi nasa, ka riƙe abin da ya faɗa, mako mai zuwa ka tambayi yadda aka ƙare. Wannan mutumin ne zai ce "ku jira, ba a kira wane ba" ranar da za a fita, kuma kalmar ta fi ƙarfi a bakinsa fiye da naka.

Sannan ka ɗauki aiki ɗaya a gidan da za a san naka ne. Ya zama mai maimaituwa, wanda ake buƙata da gaske, wanda kuma ba wani ke riƙe da shi ba, don ƙwace aikin wani sabuwar gaba ce. Kama wa Hajiya layin asibiti a manhajar lafiya ta Sehhaty da kai ta da jera mata magunguna na mako. Bibiyar ranakun igamar kowa. Tura kaka a keke idan za ta yi ɗawafi. Duba aikin makarantar yara bayan Magariba. Riƙe littafin adashin mata. Wanda ya tashi a Kano yana da abin da 'yan nan ba su da shi: shi ya san yadda ake aika saƙo gida ya isa, ya san dangin can da sunayensu, ya iya haɗa yajin da Baba yake kewa. Ka yi aikin wata 3 ba fashi, ba tare da ka ambata ba.

Abu biyu ke lalata wannan. Na farko kuɗi. Wanda ya ce da riyal zai sayi gurbi, za a riƙa tuna shi ne ƙarshen wata kawai, ranar da ya ce babu kuma ya koma baya fiye da inda ya fara. In za ka taimaka da kuɗi, yanke abin da za ka iya a wata, ka faɗe shi, ka tsaya a kansa. Na biyu zama bawan gida. In ka ga ayyuka suna ƙaruwa amma har yanzu ba a shawara da kai, ka tsaya a kan ɗayan da ka zaɓa, sauran ka ce "yau ba zan samu dama ba", ba dogon bayani.

Yadda ake faɗa wa iyaye

Bayan wata biyu ko uku, in akwai abin da ya rage wanda sai an faɗa, a faɗa wa mutum ɗaya, a keɓe, ba ranar biki ba, ba a gaban kishiya ko suruki ba, ba kuma ta saƙon murya ba, don saƙo ana tura shi gaba. Bayan sallar Asuba ko bayan La'asar ya fi. Ka ɗauki abu ɗaya da ya faru kwanan nan, ka faɗi yadda ka ji, ka roƙi abu ɗaya da za a iya yi. Misali: "Umma, in kin samu sarari akwai abin da nake so in faɗa miki. Ranar da aka je ganin ɗakin amarya ban sani ba sai da aka dawo, abin ya tsaya mini a rai. Don Allah in za a yi irin wannan a riƙa sanar da ni." Ga uba kuma: "Baba, Allah ya ƙara girma, shawara nake nema a kan karatuna, ina so in ji ta bakinka kamar yadda ka zauna da Yaya."

Kalmomin da ke rufe kunne su ne "kullum", "ba ku taɓa", "kun fi son wane". Da zarar an ji su sai a shiga kare kai, a ɗauko maka ranar da aka yi maka alheri a shekarar kaza, zance ya mutu. Kada kuma ka sa ran jin "yi haƙuri, mun yi kuskure". Iyayenmu da yawa ba da baki suke ba da haƙuri ba. Ana iya ce maka "kai dai ka cika ƙorafi", bayan kwana biyu a aiko yaro ya kira ka cin abinci. Wannan kiran shi ne amsar, ka tashi ka je.

In maganar ta haƙƙi ce, kamar a biya wa wasu makaranta a bar wasu, ko a yi wa ɗaki ɗaya kyautar da ba a yi wa ɗayan ba, to a sa babba a ciki, kuma a zaɓo shi daga ɓangaren wanda ake kuka da shi: baffa ko gwaggo in uba ne, kawu ko inna in uwa ce. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir yana cikin Bukhari da Muslim: mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, Annabi (SAW) ya tambaya ko ya yi wa sauran 'ya'yansa irinta, da ya ce a'a sai ya umarce shi da tsoron Allah da adalci tsakanin 'ya'ya. Hujja ce mai ƙarfi, amma a bakin ɗa tana zama rashin kunya. Bari baffa ko limamin unguwa ya faɗe ta.

Inda wariyar ta gaske ce

Akwai gidan da an gwada duk wannan ba abin da ya motsa. Alamominsa a fili suke: gori a kan takarda, irin "ba don mu ba da tuni an yi tarhil ɗinka", wato an kore ka daga ƙasar, zagin uwar mutum, riƙe masa fasfo ko albashi, hana shi abinci ko magani, duka. A nan ba gyaran hali ake nema daga gare ka ba, kuma haƙurin da ake cewa a yi bai haɗa da miƙa wuya ga cuta ba. Zumunci yana da mafi ƙaranci da za ka riƙe ko da ka ja baya: sallama, gaisuwar iyaye ko ta waya ce sau ɗaya a mako, dubiya, ta'aziyya, zuwa ranar salla. Shari'a ta hana ƙaurace wa ɗan uwa fiye da kwana uku, amma ba ta wajabta maka zama inda ake ci maka mutunci ba. In abin ya kai duka ko tsarewa, lambar 1919 ta kai rahoton cin zarafi a cikin gida ce, 116111 kuma ta taimakon yara. Wanda matsalar takarda ta sa yake tsoron hukuma, ya fara da dattijon da ake jin maganarsa a cikin jama'armu, kada ya zauna shi kaɗai da abin.

Ka lura da jikinka ma. In ka yi mako biyu ko fiye barci ya ƙi ko ya yi yawa, abinci ya fita ranka, abin da kake so da ya daina burge ka, kana jin ba ka da amfani, to abin ya wuce ɓacin rai, ciwon damuwa ne kuma yana da magani. Kira 937 na Ma'aikatar Lafiya ko ka je asibitin unguwa. In tunanin kashe kai ya fara zuwa, a ranar za ka faɗa wa wani, a ranar za a kai ka asibiti. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana ganin likita.

Masu neman mafita sukan yi gaggawa a wuri biyu. Ɗaya aure: yarinyar da ta karɓi duk wanda ya zo don ta bar gida takan tarar ba ta da inda za ta kai ƙara in zaman ya ƙi, don haka bincike a kan mai nema ya kamata ya fi na kowa tsanani. Ɗaya kuma komawa Najeriya ko Nijar cikin fushi. Wanda ke kan igama kada ya fara da bizar fita ta ƙarshe, domin da ita igamar ta tafi ke nan, dawowa sai da sabuwar biza da sabon kafili. Ya yi bizar fita da dawowa ta wata biyu ko uku, ya tabbatar igamarsa ba za ta ƙare yana can ba, ya sauka a wurin dangin da ya riga ya yi magana da su, ya riƙe kuɗin tikitin dawowa daban da na kashewa. A can ya duba abu uku da idonsa: inda zai zauna bayan kwanakin baƙunta sun ƙare, sana'ar da za ta ci da shi, da ko takardun makarantarsa na nan za su karɓu. In ukun sun tsaya, ya dawo ya yi sallama da iyaye yadda ya kamata, ya karɓi takardunsa na asali, sannan ya nemi ta ƙarshen.